Rijiyar da Na Binne a Ikko

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida na ji ku kuna gardama a kan sana'ata. Wani a cikinku, ba zan kama suna ba amma babur ɗinsa ja ne, ya ce wai haƙar rijiya ba sana'a ba ce, rami ne kawai, duk ƙaton da aka miƙa wa diga zai iya. Ban tanka ba don bakina da goro a lokacin. Yau na tofar, sai ku gyara zama.

Ni a hannun ƙanen mahaifina na koya, Baba Jatau na Yako. Shekara uku ina jan igiya a bakin rami kafin ya bar ni na sa ƙafa a ciki. Kayan aikinmu ba su da yawa: dagi, da diga mai gajeriyar ƙota saboda ramin ba shi da faɗin da mutum zai ware hannu, da fartanya, da kwando, sai igiyar rama wadda shi da kansa yake tufkawa, don ya ce ba zai rataya ransa a igiyar kasuwa ba. Amma babban kayan aikinsa hanci ne da harshe. Duk kwandon da na jawo sai ya ɗebi ƙasar ya murza, ya shinshina, wani sa'in ya ɗora a harshe kamar mai ɗanɗanar miya. Da farko na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Daga baya na gane da haka yake sanin gaba nawa ya rage a kai ga ruwa.

Ƙasar nan tamu a jere take, kuma ba ta cika saɓa jerinta ba. A wajen Kiru da Bebeji jar ƙasa ce a sama, sai marmara mai cinye bakin diga, sai yumɓu, sai wani ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalli wanda yake marmashewa a hannu. In ka ga wannan, ruwa ya kusa. Ƙasar Doguwa kuwa ba ta da kunya, tun ba ka yi gaba biyu ba dutse zai tare ka. A can sai mun hura wuta a kan dutsen ya yi jawur, mu kwara masa ruwan sanyi ya tsage, sa'an nan mu bi shi da dagi. Mai jan babur ya gwada yini ɗaya a cikin wannan hayaƙin, in ya fito sai mu sake maganar.

Rijiyar farko da na shiga da kaina a Burumburum ce, ta wani Arɗo mai shanu da yawa. Ina gaba huɗu da rabi sai na ji sanyi a tafin ƙafa, ruwa yana tsattsafowa ta gefe. Na ɗaga kai na yi wa Baba albishir. Ya leƙo, ya dube ni, ya ce in ci gaba da haƙa. Da muka zauna cin dambu da rana ya yi mini bayanin da ya zauna mini a kai har ya so ya halaka ni daga baya. Ya ce ruwan fari ruwan ƙarya ne, ragowar damina ce da ta maƙale a sama, da bazara ta kama zai gudu ya bar shanun mutane suna lasar laka. Mahaƙin da ya tsaya a ruwan fari macuci ne, ko da bai sani ba. Ruwan gaskiya yana ƙasa, sai ka huda abin da ya tare ka, ka wuce. Mun kai rijiyar nan gaba goma sha ɗaya, kuma har na yi furfura ban ji ta ƙafe ba.

To, da wannan karatun na girma. A wajenmu darajar mahaƙi tsawon igiyarsa. In an haɗu a kasuwa ba a tambayar rijiya nawa ka haƙa, sai dai gaba nawa ka taɓa kaiwa.

Ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai muka yi wata muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, dawa ma ba ta yi abin kirki ba. Kuna tsammani a shekarar fari mahaƙin rijiya zai sami aiki, amma wanda rumbunsa ba kowa ba ya kiran mahaƙi. Baba ya riga ya daina shiga rami saboda gwiwa. Da aka gama ɗan abin da aka samu na kaka, na bar wa iyali, na ɗaure digata da dagi da igiya a buhu, na bi wasu fataken goro muka hau jirgin ƙasa zuwa Ikko cin rani.

Ba ku san Ikko ta lokacin ba, kuma ni ma da na sauka ban gane mata ba. Gari ne da ruwa ya kewaye, ga teku a gefe guda, ga wani makeken tafki mai haɗe da ita a ɗaya gefen, ruwansa yana ƙaruwa yana raguwa sau biyu a yini ba tare da an yi ko yayyafi ba. Abin da suke kira rani, mu a nan da mun gan shi da mun fita shuka. Iskar garin kullum a jiƙe take. Ka wanke riga da safe, da magariba tana nan yadda ka shanya ta. Ashana sai ka ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama, gishiri yana narkewa a kwano shi kaɗai, takalmin fatar da na je da shi don fita kunya ya yi fumfuna cikin mako biyu. Digata da ba ta taɓa sanin tsatsa ba ta koma ja kamar an tsoma ta a manja. In hadari ya taso mutanen garin ba sa gudu, mai talla ta buɗe laima ta ci gaba da cinikinta, ni kaɗai za ka gani ina neman inda zan raɓe.

Ƙasar kuwa rairayi ce zalla. Sai ka yini kana neman dutsen da za ka jefi kare ba ka samu ba. Ko'ina a bakin ruwa ramukan ƙaguwa ne. Na duba na ce a raina, nan ai haƙa wasan yara ne.

Na sauka a gidan Alhaji Mamuda, mutumin Bebeji, mai saukar da fataken goro a wata unguwar Hausawa da ke kusa da bakin tafkin. Gida ne mai cike da baƙi, amma ba rijiya. Famfon gwamnati yana da nisa, kuma layinsa sai mutum ya yi sallar azahar a can. Saboda haka duk gidan, da gidaje huɗu na kusa, a rijiyar maƙwabciyarsa suke sha. Wata tsohuwar Bayarabiya ce, kowa Iya yake ce mata. Ta daɗe cikin Hausawa har Hausa ta zauna a bakinta, sai ɗan karin harshe. Sana'arta koko da ƙosai, kuma kokonta ya yi suna don ruwan rijiyarta garɗi gare shi, babu zartsi ko kaɗan. Da wannan kokon take riƙe da kanta da jikokinta. Ba ta hana kowa ɗiba, sai dai bakinta ba ya hutawa in aka zubar mata da ruwa a tsakar gida.

Ranar da na fara leƙa rijiyar nan dariya ta kusa ƙwace mini. Gangar ƙarfe biyu aka fasa wa gindi aka jera a cikin rairayi, shi ke nan. Zurfinta bai kai gaba biyu ba. Igiyar gugarta ko akuya ba za ta ɗaure da kyau ba. Na gaishe ta da ladabi, na sha ruwan, na yaba, amma da na koma gida na ce wa Alhaji wannan a garinmu kwatami ake kiransa. Alhaji dama ya gaji da ƙorafin Iya a kan baƙinsa. Ya ce tunda Allah ya kawo masa mahaƙi har gida, in haƙa masa tasa a bayan gida, jikin dangar da ta raba su. Tsakanin inda na sa diga da rijiyar Iya bai fi taku bakwai ba.

Aikin bai zo da sauƙin da na zata ba. Rairayi ba ya tsayuwa, kana kwashewa yana zubowa, ga shi babu inda za ka sassaƙa matakin ƙafa. Dole na koyi dabarar mutanen garin: a kafa ganga, ka shiga ciki kana kwashe ƙasa ta ƙarƙashinta, tana nutsewa da kanta, in ta shige a ɗora wata. Wani ɗan dakon goro mai suna Mati, wanda ya girme ni da kusan shekara goma, shi yake ja mini kwando in ba shi da lodi. Kafin azahar ta rana ta biyu na kai wani farin rairayi mai laushi, sai ga ruwa garau yana tasowa har idon sawu. Na ɗanɗana, irin na Iya ne sak. Mati ya ce alhamdu lillahi, a sa murfi. Na ce masa ya tsaya a dakonsa, ruwan fari ne.

Iya ta leƙo ta kan danga, da ludayi a hannunta. Ta yi mini sannu da aiki, ta tambayi inda na kai. Na gaya mata.

Ta ce, "To, ɗan Kano, ka tsaya nan. A ƙarƙashin farin rairayin nan akwai baƙar laka. Kada ka taɓa ta. Mijina da ya haƙa tawa ya ce ita ce murfin teku."

Na ce, "Iya, Allah ya ja kwana, ni a gidan haƙa na tashi. Wannan ruwan sama-sama ne. Na gaskiyar yana ƙasa."

Ta dube ni ta ce ruwan sama-saman nan shekara talatin take dama koko da shi. Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da yake yi, ta koma wajen kaskonta. Alhaji ya zo ya tambaye ni ko akwai matsala. Na ce masa babu, tsoron mata ne, kuma ba zan so a ce mutumin Yako ya zo Ikko ya haƙa rijiyar gaba biyu ba, in labari ya kai gida ina zan sa kaina. Shi ma abin ya yi masa daɗi, don yana so tasa ta fi ta Iya. Ya sa aka ƙaro ganguna uku.

Kwana biyu muna kwarfe ruwa muna nutsar da ganga. A rana ta uku na kai baƙar lakar, mai danƙo, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, da ɓawon dodon koɗi a cikinta. Na murza, na shinshina, hancina ya ce mini wannan ƙasar ban san ta ba. Da ina da hankali da nan na fito. Amma a ƙasarmu in ka ga yumɓu murna kake yi, don bayansa alheri yake. Na ɗauki dagi na kafa mata da ƙarfina duka. Bugu na huɗu dagin ya zurma kamar a cikin tuwo, ruwa ya yi tsartuwa ya buge ni a haɓa. Kafin Mati ya jawo ni ya kai mini ƙugu. Na fito ina haƙi ina cewa ga ruwan gaskiya nan.

Alhaji ya kawo sabon kofi, ya ce shi zai fara sha. Ya yi bisimilla ya kurɓa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tattare haka ba. Dattijo ne mai kunya, bai so ya tofar a gabana ba, sai ya juya baya. Na karɓa na ɗanɗana. Gishiri ne, har da ɗaci-ɗaci. Na ce sabon ruwa ne, a bar shi ya kwanta. Washegari muka kwarfe shi tas, ya sake cikowa, ya fi na jiya. Mati ne ya lura cewa in ruwan tafki ya ƙaru rijiyata ta ƙaru, in ya janye ta ragu. Ya ce shi dai bai san haƙa ba, dako ya sani, amma a ganinsa na haƙo wa Alhaji teku har gida.

Da abin ya tsaya a nan da sauƙi, an yi dariya an wuce. Amma na ƙi haƙura, na yi mako guda ina kwarfewa wai zan ƙure gishirin, ashe ƙara jawo shi nake yi cikin farin rairayin da unguwar take sha. Ran nan da safe ina alwala na ji masu sayen koko suna ƙorafi a ƙofar Iya. Wani ya ce yau kokon kamar an sa masa kanwa. Kwana uku bayan haka ko sabulu ba ya kumfa a ruwanta. Masu saye suka koma wani layi. Gidaje biyar suka koma bin layin famfo, kuma duk wanda ya wuce ni da tulu sai ya yi mini sannu da aiki.

Iya ba ta yi faɗa ba, ita da take tashin unguwa a kan ruwan da aka zubar. Ta aiko a kira ni. Na tarar da ita zaune kusa da rijiyar, tukunyar kokon a kife. Ta ɗebo a moɗa ta miƙo mini, na sha don dole. Ta ce, "Ɗan Kano, wannan ne na gaskiyar?" Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce haƙuri ba ya dama koko, in san yadda zan yi.

Abin da ya rage mini ɗaya ne, in mayar da murfin da na fasa. Na tambayi masunta inda ake samun yumɓu mai kyau, suka kai ni a kwalekwale wani wuri can cikin tafkin inda mata masu ginin tukwane suke ɗiba. Ni da ban taɓa hawa ruwa ba, na riƙe gefen jirgin nan kamar zan ɓalle shi, matuƙin yana ta dariya. Na kwaɓa yumɓun da ƙafa kamar na gini, na jira sa'ar da ruwa ya janye, na shiga na danna shi a bakin hujin, na bi da wani, na tattake, har ya kai tsawon ganga guda. Sa'an nan na mayar da rairayin da na kwashe, kwando bayan kwando. A rayuwata na haƙa rijiyoyi da ban san adadinsu ba, amma wannan kaɗai na binne da hannuna. Alhaji yana tsaye yana kallo, yana cewa Allah ya kyauta.

Binnewar ba ta gyara ruwan Iya nan take ba. Masuntan suka ce gishirin da ya shiga rairayi sai damina ta wanke shi, in zai wanku. To kafin nan da me za ta dama koko? Na sami gwangwanin kananzir biyu na wanke, na ɗaure a sanda. Kullum bayan sallar asuba sai in kama hanyar famfo tun layi bai taru ba, sawu uku kafin ta hura wuta, sawu biyu da yamma. Mahaƙin gaba goma sha ɗaya ya koma ɗan garuwa. Da rana in tafi dako tare da Mati don in sami na abinci da ɗan abin aikawa gida. Wata huɗu ina wannan. Kafaɗata ta yi kanta, kuma unguwar duka ta daina kirana da sunana, sai Mai Teku. Masu sayen koko suka dawo kaɗan-kaɗan, ko da yake suna cewa ruwan famfo ba ya ba shi garɗin da.

Sai damina ta sauka, irin tasu. Ku ba ku san ruwa ba. Kwana uku ana zuba ba a ɗauke ba, ba tsawa ba iska, kamar an manta an bar shi a buɗe. Kwatoci suka cika suka haɗe da hanya, kwaɗi suka shigo har ɗaki, rufin kwano yana ƙara sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Ina tafe da garuwa ruwa har gwiwa, ana kwara mini wani a ka. Duk bayan ruwa sai in kwarfe rijiyar Iya a hankali, rabi kawai, in bar sabo ya tsattsafo. Fataken da muka zo tare duk sun koma. Saƙo ya zo daga Yako cewa an yi ruwan shuka, gonata tana nan ba wanda ya taɓa, kuma bayan shekarar da muka sha, in na rasa wannan daminar gidana ya shiga uku. Ban gaya wa Iya ba, amma a gidan Alhaji magana ba ta kwana.

Wata safiya na kawo sawun farko na sauke. Ta ce in dakata. Ta jefa gugarta a rijiya, ta jawo, ta ɗiba a moɗa ta kurɓa, ta juya shi a baki ta haɗiye. Sai ta ɗauki gugan ta juye a tukunyar koko, a gaban masu jira.

Ta ce, "Ya dawo. Ka ajiye sandar nan, ɗan Kano. Ka tafi ka yi shukarka."

Na karɓi moɗar na kai baki. Harshen da Baba Jatau ya horar ba ya yi mini ƙarya. Ruwan ya yi sauƙi ƙwarai, ana iya sha, amma da sauran gishiri can a ƙarshen harshe, kuma na san ba lallai ya fita duka ba. Na ɗago na dube ta. Matar da ta yi shekara talatin tana shan ruwan nan ta fi ni sanin haka. Na buɗe baki zan yi magana, ta karɓe moɗarta ta ce jirgin Kano ba ya jiran mai surutu, in je in haɗa kayana, ta riga ta ƙulle mini ƙosai na hanya.